Ku Tambaya: Hawan Keke a Hanyoyin Burji na Tsaunukan Alps

Wannan satin wasiƙu uku ne suka zo kan abu ɗaya, wato hawan keke a hanyoyin tsakuwa da ke saman tsaunukan Alps na Turai, sai na ce bari in haɗa su wuri guda.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Torino ta Italiya, na sayi keken nan mai faɗin taya da ake bin burji da shi, wata huɗu kenan ina hawa a gefen kogin Po kuma ina yin kilomita 80 a rana ba tare da na ji komai ba. Yanzu ina so in hau dutse. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwana ina amsawa, kuma wallahi ka yi sa'ar gari, don mutane jirgi suke hawowa su zo bin hanyoyin da kai jirgin ƙasa na awa ɗaya da 'yan mintuna zai ajiye ka a gindinsu. Amma kafin komai, kilomita 80 ɗin nan naka ka ajiye su gefe. A Alps ba tsawon hanya ake ƙirgawa ba, hawa ake ƙirgawa, mita nawa za ka ɗaga sama daga inda ka tashi. Ga misali, hawan mashigar dutsen Colle delle Finestre daga garin Susa bai kai kilomita 19 ba, idan ka ji haka sai ka ce ai wannan kafin shayi ya huce na gama, alhali a cikin wannan 'yar tafiyar za ka hau kusan mita 1,700, ka ƙare a tsayin mita 2,178, kuma kusan kilomita 8 na ƙarshe babu kwalta ko ɗigo, tsakuwa ce da ƙura, kwana bayan kwana. A nan ne Chris Froome ya tsere wa kowa a gasar tseren keke ta Giro d'Italia ta 2018 saura kilomita 80 a gama tseren ranar, haka ma Simon Yates a nan ya karɓe gasar 2025. To su aikinsu kenan, kai ka ba kanka awa uku ko fiye, kar ka ji kunyar tsayawa ka sha ruwa.

Abin da ya sa nake son ka fara da can shi ne abin da ke bayan Finestre ɗin. Idan ka gangara kaɗan zuwa Pian dell'Alpe sai ka kama Strada dell'Assietta, tsohuwar hanyar soja ce da ke bin doron tsauni har Sestriere, fiye da kilomita 30 kuma kusan duka a sama da mita 2,000. Sojoji ne suka shimfiɗa ta don jan manyan bindigogi zuwa ganuwoyin da ke saman, shi ya sa hawanta a hankali yake tafiya, ba ta miƙewa tsaye kamar turbar makiyaya, dama keken burji irin abin da yake so kenan. Ranar da na fara binta abin da ya tsaya min a rai shi ne shirun wajen, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da fiton wasu dabbobi masu kama da gafiya da ake ce wa marmot, kwarin Susa a hannu ɗaya kwarin Chisone a ɗaya hannun, gajimare kuma a ƙasanka yake. A kan wannan doron aka gwabza yaƙin Assietta a 1747 tsakanin Faransa da masarautar Sardiniya, har yau akwai dutsen tunawa a wurin.

Shawarata kar ka haɗa su rana ɗaya a karon farko. Ka kwana a ɗaya daga cikin masaukan dutse da suke kira rifugio, washegari da sassafe ka bi Assietta, daga Sestriere ka gangara ta Cesana zuwa Oulx ka hau jirgin ƙasa ka koma gida. Motoci da babura ma suna bin hanyar kuma ƙurarsu ba daɗi, amma a Yuli da Agusta akwai ranakun da ake rufe musu ita a bar wa masu keke da masu tafiyar ƙafa, ka tambaya kafin ka sa rana. In wannan ta karɓe ka sai ka nemi Via del Sale daga Limone Piemonte zuwa Monesi a kan iyakar Italiya da Faransa, ko filin Gardetta a saman kwarin Maira. Colle del Sommeiller daga Bardonecchia mai kusan mita 3,000 kuwa ka bar shi sai baɗi.

Tambaya: Malam, kekena tayarsa milimita 35 ce, giyar kuma irin ta keken kwalta. Dole sai na sake wani?

Amsa: A'a Alhaji, kar ka kashe kuɗinka a banza. Taya ka canza in firam ɗin zai ɗauka, milimita 40 zuwa 45, in so samu ne marar tub wadda ake zuba wa ruwan like huji, sannan ka rage mata iska kar ta yi tauri kamar dutse. Giya ita ce babbar magana, ka samu wadda haƙoran baya suka kai na gaba yawa ko suka fi, misali 40 a gaba 42 a baya, in ba haka ba rabin hawan turawa za ka yi da ƙafa. Birki kuma ka sa masa sabon takalmi ka riƙe wani a jaka tare da famfo da faci da tub ɗaya, saboda gangarar kilomita 15 kana danne da birki tana cinye shi, ga zafi da yake ɗauka. Ka dinga dannawa kana saki, kar ka riƙe shi gaba ɗaya.

Tambaya: Ni mace ce, ina aiki a kudancin Jamus, ni da ƙawata muna so mu yi tafiyar kwana huɗu a watan Mayu. Abin da ke ba ni tsoro sanyi ne da karnukan da ake cewa suna bin masu keke. Ka ba mu shawara don Allah.

Amsa: 'Yar'uwa, tsoron naki yana kan hanya, amma watan ne ya fi damuna. A Mayu yawancin hanyoyin da suka haura mita 2,000 dusar ƙanƙara na kwance a kansu, masaukan dutse da dama ma ba sa buɗewa sai tsakiyar Yuni, su rufe wajen ƙarshen Satumba. In dai Mayun ce kaɗai hutunku to ku bi Via Claudia Augusta, tsohuwar hanyar Rumawa da ta taso daga Donauwörth nan kusa da ku, ta ratsa Ostiriya ta Fernpass inda akwai burji mai kyau a cikin daji, ta haye Reschen mai tsayin mita 1,500 da 'yan kai ta faɗa Italiya. A nan za ku ga hasumiyar cocin nan da ke tsaye a tsakiyar tafki tun da aka yi dam ruwa ya cinye ƙauyen a 1950, daga nan kuma gangara ce cikin gonakin tuffa har Merano. Akwai gari kusan kowane ɗan lokaci, in kun gaji akwai jirgin ƙasa a ɓangaren Italiya. Abu ɗaya ku kiyaye a Ostiriya, dokar dajinsu ta 1975 ba ta yarda a hau keke a hanyar daji ba sai inda aka ba da izini, don haka ku bi masu allon keke kawai, kar ku ce ai manhajar waya ta nuna hanya.

Sanyi kuwa lissafinsa mai sauƙi ne, duk mita 1,000 da kika hau zafi na sauka da kusan digiri 6, ga gumi ya jiƙa miki riga ga iskar gangara, nan da nan yatsu su ƙi danna birki. Rigar ruwa da doguwar safar hannu da busasshiyar riga ɗaya kar su bar jakarki ko da rana na ƙwallewa a ƙasa. Hadari kuma da rana tsaka zuwa la'asar ya fi haɗuwa a lokacin zafi, kuma saman doro babu wurin fakewa daga tsawa, shi ya sa ni bayan asuba nake tashi, ƙarfe ɗaya ta same ni ina gangarowa. Lambar gaggawa 112 ce a duk ƙasashen, amma sabis na ɗaukewa a kwazazzabai, ku sauke taswira a waya tun daga masauki ku kuma gaya wa mai masaukin inda kuka nufa.

Maganar karnuka gaskiya ce, amma sun fi yawa a ɓangaren Faransa da yankin Piemonte na Italiya inda kyarkeci ya dawo, makiyaya suke ajiye manyan fararen karnuka da ake kira patou a cikin garken tumaki. Aikinsu gadi ne, kuma abin da ke tunzura su shi ne abu mai gudu ya doso garke. Na taɓa shan kwana na ci karo da ɗaya a tsakiyar hanya, gabana ya faɗi sosai, na sauka na sa keken tsakanina da shi na tsaya cak ina masa magana a hankali ban kalli ƙwayar idonsa ba, ya yi haushinsa ya zagayo ya shinshina jakata da tayar baya, bayan kamar minti biyu ya koma cikin tumakinsa, ni kuma na tura keken da ƙafa sai da na wuce garken da nisa sannan na hau. Haka za ku yi ke da ƙawar taki, kar ku ratsa tsakiyar garke, kar ku ɗaga sanda ko dutse, kuma in shanu ne da 'yan maruƙa ku ba su fili sosai. Duk ƙofar shinge da kuka buɗe a makiyaya ku mayar ku rufe ta kafin ku wuce.