Matar aure da dukiyarta a kudancin Amurka zamanin bauta

Malama, kin tambaya ko matar aure a kudancin Amurka, lokacin da ake mallakar bayi, tana iya tsira da dukiyarta idan aure ya lalace.

Galibi ba ta iyawa. A dokar da suka gada daga Ingila, kuɗi da bayin da mace ta shigo da su gidan miji sun zama nasa. In ya ci bashi, su ake kamawa a sayar. Galibi iyaye masu hali ne ke kauce wa wannan, su rubuta yarjejeniya kafin aure, su damƙa dukiyar a hannun amintacce.

A 1837 kotun jihar Mississippi ta hana a kama wani bawa mai suna Toney, wanda ya fito daga dukiyar wata mata mai suna Betsy Love, saboda bashin mijinta, domin a al'adar ƙabilarta ta Chickasaw, 'yan asalin Amurka, dukiyar mace tata ce. A 1839 jihar ta yi dokar da ta bar wa matar aure mallakar bayinta, amma mijin ne ke juya su. Kada ki ɗauke ta a matsayin 'yantar da mata, kare dukiyar dangi daga masu bin bashi aka yi. Abin da ya fi ci mini rai, mutane ne ake wannan shari'a a kansu, kuma nasu auren doka ba ta san da shi ba.

Kada kuma ki haɗa jihohin wuri ɗaya. Louisiana tsarinta daban ne, South Carolina kuwa ba ta yarda da saki ba sai 1868. Idan bincike kike yi, ki nemi masanin tarihin shari'ar jihar ya duba miki takardun kotu.