Kafin ka tura wani ya tsaya mana a kotu

Ɗana, ka tambaye ni ko ba cin fuska ba ne mu nemi takardun lauyan da zai tsaya a madadin ofishinmu na lauyoyi ya riƙe mana shari'armu ta Yola, tunda a zauren lauyoyi na WhatsApp ka samo lambarsa, ga kuma hotonsa da hula da baƙar riga. Hula da riga ai sayar da su ake yi, duk mai kuɗi zai saya. Lauyan gaske ba ya jin haushin wannan tambaya, don shi ma haka yake yi wa wasu.

Ka ce ya turo cikakken sunansa, da shekarar da aka rantsar da shi, da lambarsa ta Kotun Ƙoli, wadda ake kira SCN. A dokar lauyoyi, lauya shi ne wanda sunansa ke cikin kundin da babban magatakardar Kotun Ƙoli yake riƙe da shi. Digirin jami'a bai isa ba. Ko mutum ya yi zaman makarantar horar da lauyoyi a Bagauda ko Bwari, in bai ci jarrabawa an rantsar da shi ba, ba lauya ba ne. Irin waɗannan su suka fi wuyar ganewa, su da tsofaffin akawun lauyoyi: sun iya rusuna wa alƙali, sun iya Turancin kotu, wani ma ya fi ka iya neman a ɗaga shari'a.

Sai rasit ɗin kuɗin aiki na bana. Ana biya kafin ƙarshen watan Maris kowace shekara, wanda bai biya ba kuwa doka ba ta ba shi bakin magana a gaban alƙali ba. Ka ce kuma ya ɗauko hoton hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi, NBA, wanda ake mannawa a takardun kotu. Ƙura wa ɗan hatimin nan ido: sunan da ke kai, da lambar, da wa'adinsa. Sannan ka haɗa da sunan da ke kan asusun bankin da ya ce a tura kuɗin. Nan asirin da yawa yake tonuwa, domin mai aron hatimin wani ba kasafai yake iya aron asusunsa ba. In ya ce a tura ta asusun ƙaninsa ko na mai POS, ka ce masa mun gode.

Duk da haka takarda ta waya ana iya haɗa ta a kwamfuta. Kira sakataren reshen NBA na Yola ka tambaya ko sun san shi, ko yana cikin 'yan reshe, kuma ko kwamitin ladabtar da lauyoyi bai dakatar da shi ko ya soke sunansa ba. Wanda aka dakatar lambarsa ta gaske ce, shekararsa ta gaske ce, amma ba shi da ikon tsayawa. Ba a cinikin biri a sama.

Me ya sa nake matsawa haka? Kotun Ƙoli ba ta wasa da wannan. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, takarda aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin kundi, kotu ta ce takardar ba ta da inganci. Ofishi ne fa na lauyoyin gaske. To ina ga wanda ba ya cikin kundin kwata-kwata? Abokin shari'armu zai yi shiru abinsa har a je ɗaukaka ƙara, sannan ya fito da maganar, shekarun da wanda muke wakilta ya yi yana sintiri su tafi a banza. Rashin manna hatimi da sauƙi, tun 2015 a shari'ar Yaki da Bagudu kotu ta ce ana iya gyara shi. Rashin suna a kundi ba ya gyaruwa.

Akwai kuma abin da takarda ba za ta nuna maka ba. Duk wanda ya miƙe ya ce yana riƙe mana shari'a, kotu ɗauka take ya san komai na fayil ɗin. In alƙali ya ce yau za a saurari roƙon da ɗaya ɓangaren ya shigar, shi kuwa ya ce ba shi da suka, to mu ne muka ce. Saboda haka tura masa takardun yau, gobe da yamma ka kira shi ka tambaye shi me kotu ta sa za a yi a ranar zaman, kuma me zai ce in aka ƙi ɗagawa. In ya fara kame-kame, nemi wani.

Rubuta masa umarninmu a takarda: abin da zai nema, da abin da ba zai amince da shi ba sai ya kira ni. Rabin kuɗi yanzu, sauran in ya turo abin da alƙali ya faɗa da ranar da aka sa. Kwafin rasit da hoton hatimin ka sa su a bayan fayil.