Tambaya da Amsa: Me ya sa Allah yake jinkirta hukunta masu gaba da shi?

TAMBAYA: Gaisuwa da fatan alheri, Baba Fasto. Muna karantawa a Littafi Mai Tsarki yadda Allah ya hallaka rundunar Fir'auna a cikin teku, amma a yau muna ganin masu saɓon sunansa da masu tsananta wa bayinsa suna ta ƙara bunƙasa. Shin Allah ya daina irin wannan hukunci ne? Idan kuma masifa ta auka wa irin waɗannan mutane, daidai ne mu ce hukuncin Allah ne?
Daga wata mai karatu a Kagoro.

AMSA: 'Yata, ba ke kaɗai wannan al'amari ya dama ba, domin Asaf ma ya yi kuka a Zabura ta 73 cewa ƙiris ya rage ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna zaune lafiya. Allah bai daina hukunci ba, sai dai lokacinsa ba ya bin gaggawarmu, kuma labarin Nineba, babban birnin Assuriya, ya fi kowane bayyana wannan.

A ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, an aiki annabi Yunusa ya yi shelar cewa saura kwana 40 a kifar da birnin. Mutanen suka tuba tun daga sarki har talaka, Allah kuwa ya janye hukuncin, abin da ya ɓata wa annabin rai ƙwarai, har Ubangiji ya tsawata masa da cewa akwai mutane fiye da 120,000 a birnin waɗanda ba su san dama da hagu ba. Tubar ba ta ɗore ba. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Sennakerib na Assuriya ya kawo wa ƙasar Yahuza yaƙi a zamanin Sarki Hezekiya, yana yi wa Allah Rayayye ba'a, kuma 2 Sarakuna 19 ta ce mayaƙansa 185,000 sun mutu a dare guda. Duk da haka birnin Nineba kansa ya ci gaba da tsayawa kusan shekara 90, annabi Nahum yana shelar faɗuwarsa, kafin Babilawa da Mediyawa su rushe shi a shekara ta 612. Kufansa yana nan kusa da Mosul a ƙasar Iraƙi. Mutane da yawa sun rayu sun mutu a tsakanin waɗannan shekaru suna zaton Allah ya manta, alhali kuwa, kamar yadda 2 Bitrus 3:9 ta koyar, haƙuri yake yi domin ba ya so kowa ya hallaka.

Game da tambayarki ta biyu kuwa, ina ganin a nan ne masu bi da yawa suke yin kuskure, har da wasu daga cikinmu masu wa'azi. A Luka 13, Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu suka mutu, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba, sannan ya gargaɗi masu sauraronsa da su tuba. Inda Nassi ya ce masifa hukunci ce, kamar mutuwar Sarki Hirudus a Ayyukan Manzanni 12, Allah ne da kansa ya bayyana hakan. Ba a ba mu wannan izini a kan maƙwabcin da gobara ko ciwo ya same shi ba, ko da kuwa ya daɗe yana zagin ikilisiya. Da Yakubu da Yahaya, almajiran Yesu, suka nemi a sauko da wuta a kan wani ƙauyen Samariya da ya ƙi karɓar Yesu, juyowa ya yi ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye.