'Yata ba ta jure hayaniya: ciwo ne ko hali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata shekarunta 15. In muka je biki sai ta nemi ɗaki ta ɓuya, in muka dawo daga Kasuwar Gumi kuma ta wuni da ciwon kai. Ko ƙanwarta aka yi wa faɗa, ita ce da kuka. Dangin babanta sun ce shagwaɓa ce, wasu sun ce iska ce. Me ke damunta? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ban ga yarinyar ba, amma abin da kika faɗa ya yi kama da wani hali da masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Elaine Aron, ta daɗe tana bincike a kai. Ta fitar da littafi kan batun a 1996, sannan a 1997 ita da mijinta Arthur Aron suka wallafa binciken da ya ƙunshi tambayoyi 27 na gane masu wannan hali. Mu kira shi kaifin ji. A ƙiyasinta, mutum 15 zuwa 20 cikin ɗari haka aka haife su, maza da mata.

Ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane ba ta barin komai ya wuce ba ta juya shi ba. Ke a kasuwa farashin tumatir kawai kike ji. Ita kuwa ta kwashi hon ɗin Keke, ƙarar janareta, warin kwata, da fuskar almajirin da aka kora, duk a lokaci guda. Dole ta gaji. Kukan da take yi wa ƙanwarta ma daga nan yake: zafin wani yana shigarta kamar nata ne. Kuma ba lallai kunya ba ce, domin Aron ta gano kusan kashi 30 cikin ɗari na masu wannan hali masu son shiga jama'a ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar shagwaɓa. Bincike ya nuna tsangwama ta fi yi wa irin waɗannan yara illa, kulawa kuma sun fi kowa cin moriyarta. Don Allah a daina kunyata ta a gaban mutane. Ki sanar da ita tun da wuri in za a je taro, ki yarda ta keɓe na ɗan lokaci, in za ki yi mata gyara ki kira ta ɗaki ki sassauta murya.

Wannan hali ba ya cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, ba a shan magani dominsa. Sai dai in kika ga ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, tana ƙin makaranta, ko tana maganar gara ta mutu, to wani abu ne daban. Kada ki jira, ki kai ta Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa likita ya duba ta.