Me ya sa kowane iri da buhunsa?

Jiya da yamma, muna cikin ban ruwa a pepiniyar, wato wurin renon dashen itatuwa, ka ce da ni: "Maigida, gawo ai gawo ne. Me ya sa ka hana ni zuba irin da aka kawo daga Gaya cikin buhun na Keita?" Magariba ta kawo jiki, ban samu na ba ka amsa ba. Zauna ka ji, yaro.

Iri yana tafe da halin ƙasar da ya fito. Wurin da aka fi ganin wannan a fili shi ne kan manyan duwatsu, can sama inda sanyi ya hana itace tsayuwa sai ƙananan tsirrai. A Kalifoniya ta Amurka, wasu masana uku, Clausen da Keck da Hiesey, sun yi lambu a wurare uku: Stanford kusa da teku, tsayin mita 30, da Mather mai mita 1,400, da Timberline mai mita 3,000 da ɗoriya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa fiye da rabin shekara. Sai su ɗauki gindi ɗaya na wata ciyawa da ake kira Akiliya, su raba shi, su dasa kowane yanki a lambu guda. Ka ga uwa ɗaya ce, gado ɗaya, wuri kaɗai ya bambanta. Sun fitar da sakamakon a 1948.

Abin da ya fi kama ni a ciki shi ne ciyawar saman dutse. An sauko da ita ƙasa mai ɗumi, ga ruwa, ga lokaci mai tsawo, amma ta ƙi yin tsayi kamar 'yar wurin. Da lokacin sanyi ya zo ta kwanta barci yadda ta saba, alhali ba ƙanƙarar da za ta kashe ta. Ta bakin teku kuwa, da aka kai ta sama, yawanci mutuwa ta yi, wadda ta rayu ma sanyi ya riske ta kafin 'ya'yanta su nuna. Ita ta saman dutse, gajarta da saurin fure suna cikin jininta, domin shekara da shekaru duk wadda ta yi jinkiri a can sama ba ta bar baya ba.

Mu nan Tawa ba ƙanƙara ke yi mana zaɓe ba, gajeriyar damina ce. Ka kawo maiwa daga kudu ka shuka ta a Abalak, ruwa zai ɗauke tana ganye. Masu bincike sun kwatanta geron da aka tara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka tara a ƙauyukan nan dai a 2003, suka tarar na baya ya fi saurin fitar da kai. Fari ya tace shi a hannun manoma. To, gawon da ya saba da yawan ruwan Gaya can kudu, ba zan sayar wa mutumin Ader, yankinmu da Keita take ciki, shi a rufe ba, sai na gaya masa inda ya fito.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi damuna. Ko a wuri guda, itatuwa ba su zama ɗaya ba. Wani ya fi jure fari, wani ya fi tsayawa gaban tsutsa. In ka cika buhu daga gindi ɗaya don ya fi kusa da hanya, cutar da ta kama ɗaya za ta kama dubu. Dubi zaitun dajin da ke kan Bagzam, dutsen da ya kai mita 2,022 a Ayar. Tsofaffi ne, da wuya ka ga sabon tsiro daga ƙwaya, daga gindi suke tohuwa. Kana iya ƙirga sanduna da yawa ka ɗauka itatuwa ne daban daban, ashe uwarsu ɗaya. Ina jin tausayin itatuwan nan ƙwarai.

Gobe in Allah ya kai mu, za ka tafi tara iri. Ka zaga gindi ashirin ko talatin masu lafiya, ka bar tazara mai kyau tsakaninsu, ka ɗibi kaɗan kaɗan daga kowane. A jikin buhu ka rubuta sunan gari da wata da shekara, da ko fadama ce ko tudu. Na Gaya ka bar shi a kusurwar da yake, akwai mai garka a bakin kwari da nake son ya gwada mana shi.