Shin rana ta riga ta faɗi a lokacin da muke ganinta a bakin teku?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne cewa ranar da ake gani tana shirin nutsewa a gaɓar Jidda ta riga ta faɗi. Gaskiya ne, kuma dalilin yana cikin iskar da ta lulluɓe duniya, wadda ta fi kauri a kusa da ƙasa. Idan hasken rana ya ratso ta a karkace, sai ya lanƙwaso ƙasa, kamar yadda cokali yake bayyana a karye cikin kofin ruwa, saboda haka ido yake hango rana sama da inda take.

A daidai inda sama ta haɗu da teku, wannan ɗagawa ta kai kusan kashi 34 cikin 60 na digiri ɗaya, alhali faɗin ranar kanta kusan kashi 32 ne kawai, wato lokacin da gindinta ya taɓa ruwa, ilahirinta ta riga ta shige. Shi ya sa a Jidda da Makka faɗuwar rana take jinkiri da minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, fitowarta kuma ta yi sauri da kwatankwacin haka. Gindin ya fi saman ɗagawa, abin da yake sa a gan ta a ɗan baje.

Adadin yana motsawa, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi lanƙwasa haske. Game da buɗa baki kuwa, ɓacewar rana ga ido ake dubawa, kuma masu lissafin jadawalin salla sukan sanya wannan gyara a ciki.