Wane suna za a ba son kyanwar suruka na dole?

Tambaya: Malam, surukata a Rayfield tana da wata kyanwa mai baƙin hali. Ta yage mini mayafi, tana hawa faranti, amma duk zuwa sai na shafa ta ina cewa "Hajiya, wannan mage akwai kyau." Ni da ƙannen mijina muna neman sunan barkwanci da za mu laƙaba wa wannan hali. Hausa tana da shi? Daga wata mai karatu, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malama, Hausa tana da na kusa da shi. Akwai kara, akwai murmushin yaƙe, akwai son ganin ido, sai dai duk sun yi faɗi, ba su kama mage ba. Don haka sai mu ƙera.

Hanyar da ta fi saurin zuwa wa mutane ita ce ɗafa -nci, kamar yadda aka samu munafunci daga munafuki. Sai a ce magenci. Ban so shi ba. Wannan ɗafin shi ne kuma na sunayen harsuna, irin su Turanci da Larabci, saboda haka wanda ya ji zai zaci kin koyi yaren kyanwa ne.

Inda Bahaushe ya fi gwaninta wajen raha shi ne harɗa kalmomi, a fara da aikatau. Dubi hana-salla, hular da bakinta ke tare goshi. Dubi faɗi-ka-mutu, sunan tangaran, da dafa-duka, da a-kori-kura. Ko a-daidaita-sahu, sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Shekarau a Kano, jama'a suka ɗora wa keke mai ƙafa uku, ya zauna daram. Kowannensu ƙaramin labari ne aka dunƙule, mai ji kuma yakan gano abin dariyar da kansa.

A wannan ma'auni ga nawa: yaba-ki-tsira. Ke nan kina yabon magen don ki bar gidan da mutuncinki. Namiji yana yin yaba-ka-tsira. Shafar da kike mata da yatsa biyu, zuciya na karanto tsari, ita ce shafa-da-addu'a. Wanda ya ƙware har yana tambayar lafiyar mage kafin ta masu gida, wannan ɗan gaida-mage ne, kuma kusan kowane dangi suna da nasu. Wajen furtawa, ki saukar da murya a kan kalmar farko yadda kike yi a hana-salla.

Ki lura duk sunayen nan, ku suke tsokana, ba su taɓa magen ba. Da gangan na yi. Sunan da ya zagi dabbar, ranar da ya kai kunnen Hajiya ya zama magana. Wanda kuka yi wa kanku dariya da shi kuwa, ita ma za ta iya darawa.

Abu guda ne yaba-ki-tsira ba ta shiga: in magen ta cije ki ko ta yakushe ki har jini ya fito, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ki je asibiti, ki kuma tambayi Hajiya kai tsaye ko an yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗaukarsa.